Muhawara: Shin za a iya haɗa maganin daidaita garkuwar jiki daga fararen ƙwayoyin jinin da ake zubarwa?

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in gabatar da wata magana ga masana na wannan zaure, domin ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin ajiyar jini ya san cewa idan aka sa ledar jini a injin da ke wulwula shi, jajayen ƙwayoyi kan kwanta a ƙasa, ruwan jini ya hau sama, sannan a tsakaninsu a ga wani siririn farin layi wanda bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na jinin ba. A wannan layi fararen ƙwayoyin jini suke taruwa, wato dakarun da ke kare jiki daga cuta, kuma a mafi yawan lokuta ba a yin komai da shi. Na karanta cewa a Meziko da Kyuba ana tattara irin wannan farin layi daga jinin masu bayarwa, a daskarar da shi a narkar sau da dama har ƙwayoyin su fashe, a tace, a samu wani ruwa da ake bai wa marasa lafiya domin daidaita garkuwar jikinsu. Na Meziko sunansa Transferon, kuma babbar cibiyar koyar da fasaha ta gwamnatin ƙasar ce take yin sa. Na Kyuba sunansa Hebertrans. Tambayata ita ce, tunda kayan aikin ba su wuce firiza da injin wulwula jini da matata ba, me zai hana jami'o'inmu su shiga wannan bincike?

Auta:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni ɗalibi ne, kuma ban taɓa jin an ambaci wannan a aji ba. Wane ne ya fara gano shi, kuma a kan wace hujja?

Baba Malami:
Auta, dalilin da ya sa ba ka ji shi a aji ba shi ne ainihin abin da ya kamata mu tattauna, don haka bari in fara daga tushe. A shekarar 1942 Karl Landsteiner da Merrill Chase suka nuna, a jikin ɓeran masar, cewa akwai wani nau'in garkuwa da ba ruwan jini ne ke ɗauke da shi ba, ƙwayoyin ne da kansu. Idan ka ɗebi fararen ƙwayoyin dabbar da jikinta ya riga ya san wani abu, ka sa wa wadda ba ta san shi ba, ita ma sai fatarta ta fara mayar da martani. Wani likita a Jami'ar Niyok mai suna Sherwood Lawrence ya gwada haka a jikin mutane a 1949, da gwajin fata na tarin fuka, wanda ake yi wa mutum 'yar allura a hannu a duba bayan awa 48 zuwa 72 ko wurin ya kumbura. Ya ɗauki fararen ƙwayoyin waɗanda wurin ke kumbura musu ya sa wa waɗanda ba ya kumbura musu, sai su ma ya fara. Zuwa nan babu abin mamaki sosai. Abin da ya girgiza masana shi ne rahotonsa na 1955, inda ya ce ko da an farfasa ƙwayoyin sun mutu, ruwan da ya fito daga cikinsu yana yin wannan aiki. Daga baya ya ƙara da cewa abin da ke yin aikin ƙarami ne ainun, yana ratsa matatar da ba ta barin duk abin da ya haura nauyin dalton 10,000 (dalton ma'aunin nauyin ƙananan sinadarai ne) ya wuce. Ya kira shi sinadarin miƙa garkuwa.

To, a nan matsalar take. Furotin ɗin garkuwa da ke yawo a ruwan jini, wanda muka san yana gane cuta takamaimai, nauyinsa kusan dalton 150,000 ne. Ta yaya abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma sha biyar na wannan ba zai ɗauki bayanin da zai bambanta tarin fuka da ƙarambau, har ya koya wa jikin wani mutum? Lawrence ya rasu a 2004 ba tare da an tsamo wannan sinadari an ce ga shi, ga siffarsa ba. Kuma a 1984, lokacin da aka gano ƙwayoyin gadon na'urar da ƙwayoyin T, wato wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, suke gane abokin gaba da ita, ilimin garkuwar jiki ya samu bayani gamsasshe wanda bai buƙaci sinadarin Lawrence ba, sai littattafai suka daina ba shi wuri.

Baban Amira:
Na gode Baba. Amma ina ganin rashin sanin yadda abu yake aiki bai isa ya zama hujjar cewa ba ya aiki ba. An shafe shekaru masu yawa ana shan asfirin kafin John Vane ya bayyana yadda yake aiki a 1971. Kuma akwai gwaji mai ƙarfi da aka wallafa a 1980 a ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na Amurka. Yara 61 masu sankarar jini waɗanda ba su taɓa yin ƙarambau ba aka raba gida biyu, wasu aka yi musu allurar wannan ruwa da aka samo daga manya da suka warke daga ƙarambau, wasu aka yi musu allurar da babu magani a ciki, kuma likita da iyaye babu wanda ya san wace aka yi wa wane. Cikin yara 15 na rukunin da ba su samu maganin ba waɗanda suka yi cuɗanya da mai cutar, 13 sun kamu. Cikin 16 na rukunin da suka samu, ɗaya kawai ya kamu. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Likitar Yara:
Malam, wannan gwaji gaskiya ne, kuma ni a matsayina na mai kula da yara ba zan raina shi ba, domin ƙarambau a jikin yaron da ake yi wa maganin sankarar jini yana iya kai shi lahira. Sai dai ina so ka lura da abubuwa biyu. Na farko, misalin asfirin bai yi daidai ba. Ba a san yadda asfirin yake aiki ba, amma an san mene ne shi, ana iya auna shi a ma'auni, kuma ƙwayar da aka yi bara daidai take da ta bana. A nan kuwa ba a san abin da ke cikin kwalbar ba wanda yake yin aikin, saboda haka babu yadda za ka tabbatar cewa haɗin watan jiya ƙarfinsa ɗaya da na wannan wata. Na biyu, adadin yaran da suka yi cuɗanya da cutar 31 ne kacal. Sakamako mai kyau irin wannan a ƙaramin rukuni kira ne ga a maimaita shi a dubban mutane a asibitoci daban-daban, kuma hakan bai faru ba. A daidai wannan lokaci maganin asaikulobiya, mai yaƙar ƙwayar cutar ƙarambau, ya shigo kasuwa, ga kuma rigakafin ƙarambau da Michiaki Takahashi ya samar a Japan tun 1974, wanda Amurka ta amince da shi a 1995. Likita ya samu abin da ya san awonsa, sai ya bar abin da bai sani ba. Haka ya faru da yaran da ke fama da farar ƙurar baki da fata wadda ba ta jin magani, waɗanda aka gwada musu wannan ruwa a shekarun 1970: da magungunan kashe naman gwari na sha suka fito, aka koma kansu.

Auta:
Dakta, to shi gwajin fatar da Lawrence ya yi fa? Idan ruwan ba ya ɗauke da komai, me ya sa fatar ta kumbura?

Likitar Yara:
Babu wanda ya ce ba ya ɗauke da komai, ƙanena. Ruwan da ya fito daga miliyoyin fasassun ƙwayoyi cike yake da gutsattsarin furotin iri-iri, kuma wasunsu suna iya zaburar da garkuwa gaba ɗaya, ba tare da sun koya mata sanin wata cuta ta musamman ba. Sannan mun san cewa gwajin fata na tarin fuka yana da wata ɗabi'a: mutumin da jikinsa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar da daɗewa, ko aka yi masa rigakafin tarin fuka na BCG, yana iya nuna babu a gwajin farko, amma gwajin ya farkar da tsohuwar garkuwar, ya nuna akwai a na biyu. Duk binciken da ke gwada fata kafin allura da bayanta dole ya rufe wannan ƙofa, in ba haka ba zai jingina wa maganin abin da gwajin ne ya haddasa.

Mai Harhaɗa Magani:
Ina so in ɗan karkatar da maganar, domin ina jin tsoron kada Baban Amira ya ɗauka ana cewa fararen ƙwayoyin jini ba su taɓa haifar da magani ba. Sun haifar, kuma labarin ya fi na Lawrence daɗi. A 1957 a Landan, Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano cewa ƙwayar halittar da bairos ya kai wa hari tana fitar da wani furotin da ke gargaɗin maƙwabtanta su shirya, aka sa masa suna intaferon. Matsalar ita ce jiki ɗan kaɗan yake yi, babu isasshen da za a gwada a kan majiyyaci. Wanda ya warware wannan shi ne Kari Cantell a ƙasar Finlan, kuma da abin da Baban Amira yake magana a kai ya warware shi: ya riƙa karɓar wannan farin layi daga ma'ajiyar jini ta ƙungiyar Red Cross ta ƙasarsa, ya zuba wa ƙwayoyin bairos mai suna Sendai domin ya tsokane su, su kuma su zubo da intaferon, ya tace. Kusan duk intaferon da aka gwada a kan mutane a shekarun 1970 daga wurinsa ya fito, har da wanda Hans Strander ya yi amfani da shi a Suwidin kan masu sankarar ƙashi. Tsadarsa ta kai ga cewa a 1978 ƙungiyar yaƙi da sankara ta Amurka ta ware dala miliyan 2 domin sayen wanda zai ishi gwaji a kan marasa lafiya ƙalilan.

Kyuba da Baban Amira ya ambata, daga nan ta fara. A 1981 masananta suka je wurin Cantell suka koyi hanyar, suka dawo gida suka yi nasu intaferon daga jinin masu bayarwa, suka yi amfani da shi a annobar zazzaɓin dengi ta wannan shekara, kuma wannan aiki ne ya zama harsashin babbar cibiyarsu ta binciken ƙwayoyin gado da aka buɗe a Habana a 1986. Amma ku duba abin da ya biyo baya. A 1980 Charles Weissmann da abokan aikinsa a Zurik suka ciro ƙwayar gadon intaferon suka dasa ta a cikin bakteriya, sai bakteriya ta riƙa ƙera shi tsantsa a cikin manyan tankuna. A 1986 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi domin wani nau'in sankarar jini, daga baya ya zama maganin ciwon hanta nau'in B da C. Ita kanta Kyuba ta koma wannan hanya. Haka intalukin-2, wani furotin da ke sa ƙwayoyin T su yawaita: a cikin ruwan da aka reni fararen ƙwayoyi aka fara ganin alamarsa a 1976 a ɗakin binciken Robert Gallo, aka bi shi har aka kama, kuma a 1992 aka amince da shi domin sankarar ƙoda. A duka biyun, ɗanyen ruwan shi ne mafari, amma sai da aka ware abu ɗaya aka san nauyinsa da awonsa sannan ya shiga hannun likitoci a duniya.

Maman Iman:
Ku gafarce ni, ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, amma maganar ta shafe ni. A wajen wani biki wata mata ta tallata mana ƙwayoyi a cikin roba, ta ce sinadarin miƙa garkuwa ne, yana maganin ciwon suga da hawan jini da sikila, har da ƙanjamau, kuma wanda ya kawo masu saye zai samu kaso. Ina da 'yar uwa mai sikila kuma mahaifiyarta ta fara tunanin saye duk da tsadarsa. Shin shi ne wannan da kuke magana a kai?

Mai Harhaɗa Magani:
Hajiya, sunan ne ɗaya, abin ba ɗaya ba ne. Waɗannan ƙwayoyi da ake sayarwa ta hanyar kawo-wani-ka-samu ana yin su ne daga dakashin saniya da gwaiduwar ƙwai, kuma ko a Amurka inda ake ƙera su matsayinsu na ƙarin abinci ne, doka ta hana a ce suna warkar da wata cuta. Lambar NAFDAC a jikin irin waɗannan kaya ba shaida ba ce cewa an gwada su an ga suna warkarwa, shi ya sa za ki ga a jikin da yawa daga cikinsu an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Sikila kuwa daga siffar jajayen ƙwayoyin jini take, gado ce, babu ƙarin abincin da zai sauya ta. Kuɗin ya fi amfani a kan folik asid da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da rigakafi, da kuma haidiroksiyuriya idan likitanta ya ga ya dace.

Likitar Yara:
Ina roƙonki Hajiya ki isar da wannan ga mahaifiyar yarinyar da lallami, domin uwa mai neman sauƙi ga 'yarta ba abar zargi ba ce. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ambaton ƙanjamau, saboda nahiyarmu ta riga ta ɗanɗana wannan. A 1990 cibiyar binciken lafiya ta Kenya ta sanar da wani magani mai suna Kemron, wanda intaferon ne ɗan kaɗan da ake tsotsa a baki, aka ce yana kawar da alamomin cutar, shugaban ƙasar na lokacin Daniel arap Moi da kansa ya yi shelarsa. Mutane suka yi ta tururuwa daga ƙasashe. Da aka yi gwaje-gwaje masu tsari, ciki har da waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tallafa, ba a ga amfaninsa ba. Intaferon sinadari ne na gaskiya, cibiyar ma ta gaskiya ce, amma an yi shela kafin a gama gwaji. Wanda ya ajiye maganinsa na rage kaifin ƙanjamau saboda irin wannan alkawari rayuwarsa ya sa a hatsari.

Kuma ina da ja a kan yadda ake maganar ƙara ƙarfin garkuwa kamar alheri ne zalla. Cututtuka irin su lupus da amosanin gaɓɓai mai kumburi da ciwon suga nau'in farko, garkuwa ce ta juya ta afka wa mai ita. Intaferon yana kawo zazzaɓi da kasala mai tsanani da baƙin ciki, har wasu su kasa ƙarasa shi. Intalukin-2 mai yawa yana sa jijiyoyin jini su riƙa yoyo, dole a bayar da shi a inda ake da sashen kulawa ta musamman. A 2006 a Landan, lafiyayyun samari shida da suka ba da kansu domin gwajin wani sabon maganin zaburar da ƙwayoyin T duk sun kwanta rai a hannun Allah cikin sa'o'i kaɗan. Duk abin da yake da ƙarfin motsa garkuwa da gaske yana da ƙarfin cutarwa, saboda haka idan aka ce mini abu yana gyara garkuwa a kowace cuta kuma ba shi da wata illa ko kaɗan, sai in fara shakkar ko yana yin wani abu ma.

Malam Na Zaure:
Ta fuskar addini akwai abin lura. Jumhurun malaman wannan zamani sun halatta ba da jini da karɓarsa saboda lalura, amma ya tabbata a hadisi cewa an hana cin kuɗin jini. Mutumin da ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa domin ceton mai haihuwa bai ba da izinin a mayar da wani ɓangare nasa hajar sayarwa ba, sai an tambaye shi. Sannan na ji cewa irin wanda ake yi a ƙasar Sin daga saifar alade ake samo shi, wanda kuwa mai saye Musulmi yana da haƙƙin ya sani.

Baba Malami:
Haka ne Malam, da yawa daga cikin na ƙasar Sin daga saifar alade ake yin su. Batun izini kuwa ko a dokar Najeriya yana nan, domin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta yi tanadi a kan ɗibar jini da sassan jikin mutum da abin da za a yi da su, kuma babu binciken da zai taɓa jinin mutane ba tare da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike ba.

Amma babban abin da ya kashe kasuwar wannan ruwa a Turai da Amurka shi ne tsoron cutar da ke bin jini. Haɗa shi yana buƙatar a gauraya fararen ƙwayoyin mutane masu yawa, kuma mutum ɗaya mai cuta ya isa ya gurɓata tukunyar duka. Duniya ta koyi wannan darasi da tsada a wurin masu cutar rashin daskarewar jini, waɗanda aka riƙa yi wa allurar sinadarin da aka tara daga jinin dubban mutane a shekarun 1970 da 1980. Rahoton binciken da Birtaniya ta fitar a watan Mayun 2024 ya ce sama da mutum 30,000 ne suka kamu da ƙanjamau ko ciwon hanta ta hanyar jini da kayan da aka sarrafa daga jini, kimanin 3,000 sun rasu. Fararen ƙwayoyi kuma su ne maɓoyar wasu bairos, shi ya sa tun 1999 Birtaniya take tace su daga kowace ledar jini kafin a ƙara wa majiyyaci. Mu a nan, binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na manyan Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ka auna abin da hakan ke nufi idan ka gauraya na mutum ɗari.

Baban Amira:
Baba, a nan ina da amsa. Ana gwada kowane jini kafin a karɓa, kuma matatar da ba ta barin abin da ya haura dalton 10,000 ya wuce babu bairos ɗin da zai ratsa ta, domin mafi ƙanƙantarsu ya ninka haka sau ɗaruruwa. Ta wannan fuska wannan ruwa ya fi ƙarin jini na yau da kullum aminci.

Mai Harhaɗa Magani:
A ka'ida ka yi gaskiya, kuma wannan ita ce hujjarka mafi ƙarfi. Amma hukumar magunguna ba ta karɓar ka'ida, tana so ka zuba bairos da gangan a cikin haɗin, ka bi duk matakan, ka nuna da alƙalumma nawa ya ragu, sannan ka nuna yadda kake tabbatar da cewa matatar ba ta tsage ba a kowane zagaye. Gwajin gaggawa da ake yi a yawancin asibitocinmu yana iya kuskure wanda ya kamu kwanan nan, kafin alamar ta bayyana a jininsa. Akwai kuma gubar jikin bakteriya, wadda ɗan kaɗan daga cikinta yake sa zazzaɓi kuma yake zaburar da fararen ƙwayoyi a kwalbar gwaji, har mai bincike ya yi murna yana zaton maganinsa ne yake aiki. Saboda haka firiza da matata ba su ne tsadar ba. Tsadar tana cikin ɗaki mai tsabtar da ake buƙata, da wutar da ba ta yankewa, da na'urorin tantance abin da ke cikin ruwan. Ya kamata a yaba wa masanan Meziko a nan, domin a 'yan shekarun nan sun duƙufa kan wannan aiki na tantancewa, kuma sun ba da rahoton cewa gutsattsarin wani furotin mai suna yubikitin na cikin manyan abubuwan da ke cikin nasu. Wannan ita ce hanyar da ta dace, ko da yake har yanzu manyan hukumomin magunguna na Amurka da Tarayyar Turai ba su amince da irin wannan ruwa a matsayin maganin wata cuta ba.

Auta:
To ina duniya ta nufa yanzu da fararen ƙwayoyin jini, idan ba ta wannan hanya ba?

Baba Malami:
Ta koma kan ƙwayoyin da ransu, maimakon ruwan matattunsu. Ana ɗibar ƙwayoyin T na majiyyaci, a dasa musu ƙwayar gadon da za ta sa su gane sankararsa, a rene su su yawaita, a mayar masa. Amurka ta amince da na farko a 2017 domin sankarar jini ta yara da matasa, a kan dala 475,000 ga mutum ɗaya, kuma Indiya ta amince da nata na gida a 2023 a farashin da ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Ka ga abin da Landsteiner da Chase suka gani a 1942 ya tabbata, wato ƙwaya tana ɗauke da garkuwa.

Likitar Yara:
Ni kuma ina da wata buƙata ga Baban Amira wadda ta fi kusa da gadon majiyyaci. Wannan farin layi da kake baƙin cikin zubarwa ba fararen ƙwayoyi kaɗai ke cikinsa ba, a nan ne mafi yawan ƙwayoyin da ke daskarar da jini suke kwanciya. A ƙasashen Turai da Kanada daga shi ake samar da su: a haɗa na mutum huɗu zuwa shida, a sake wulwulawa a hankali, a tace fararen ƙwayoyin, a samu leda ɗaya da za ta tsayar da zubar jini a jikin babban mutum. Yaron da ake yi wa maganin sankarar jini yakan fara zubar da jini ta hanci da dasashi saboda ƙarancin waɗannan ƙwayoyi, kuma sau da yawa abin da ake samu a ba shi gundarin jini ne, domin ƙalilan ne daga asibitocinmu suke rarraba jini kashi-kashi. Ana ajiye su a zafin digiri 20 zuwa 24, ana girgiza su ba tsayawa, kuma kwana biyar zuwa bakwai suke yi. Wannan aiki ne da aka tabbatar da amfaninsa, kuma yana cikin hurumin hukumar kula da jini ta ƙasa da aka kafa da dokar 2021.

Baban Amira:
Dakta, na karɓi wannan, kuma zan kai maganar ga shugaban sashenmu, domin injin girgizawa da ledoji masu rassa huɗu abu ne da za a iya sa wa a kasafi. Sai dai ban janye tambayata duka ba. Sakamakon yaran nan na 1980 yana nan babu wanda ya bayyana shi, kuma bayan an cire ƙwayoyin daskarar da jini, fararen ƙwayoyin za su rage a cikin matata. Ba na neman a yi wa kowa allura. Ina tambaya ne ko ɗalibin digiri na biyu ko na uku zai iya ɗaukar wannan saura ya yi aiki da shi a kwalbar gwaji kawai.

Baba Malami:
Zai iya, da sharuɗɗa, kuma zan duba masa takardar neman izinin idan ya kawo. Ya fara da rubutaccen izinin masu ba da jinin da amincewar kwamitin ɗa'a. Ya raba masu bayarwa gida biyu, waɗanda gwajin jini ya nuna garkuwarsu ta san tarin fuka da waɗanda ba ta sani ba, ya haɗa ruwan kowane gida daban, ya auna gubar bakteriya a kowanne kafin komai. Sannan wani mutum daban ya sa wa kwalaben lambobi ya ɓoye takardar, ta yadda mai gwajin bai san wanne yake zubawa ba. Ya zuba su a kan fararen ƙwayoyin mutumin da bai taɓa haɗuwa da cutar ba, ya kawo furotin ɗin tarin fuka da kuma na wata cuta daban, ya auna nau'in intaferon da ake kira gama da ƙwayoyin suka fitar, wanda shi ne alamar sun mayar da martani. Idan ruwan gida na farko ne kaɗai ya tayar da martani, kuma ga tarin fuka kaɗai, to ya taɓo abin da Lawrence ya yi iƙirari, sai a nemi wani ɗakin bincike ya maimaita kafin a faɗa wa kowa. Idan duka biyun sun tayar daidai, zaburarwa ce ta gama-gari, sai ya koma neman wane gutsure ne yake yin ta. Ka turo mini jerin na'urorin da kuke da su a sashenku, musamman ko kuna da firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili da kuma wutar da za ta riƙe ta dare da rana.